Hanya mai lamba 61: daga Memfis zuwa inda Bessie Smith ta cika

Haihuwa ce ta kai ni Amurka. Matar autanmu, wanda yake aikin jinya a wani asibiti a Memfis ta jihar Tenesi, ta sauka lafiya a ƙarshen daminar 2023, kuma tun rasuwar Innarmu ni nake tsaya masa a matsayin uwa. Na riga na ajiye alli, ba ni da wani uzuri da zan kawo. Maganar biza ba zan ja ta ba: dala 185 kuɗin cike takarda, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, layi tun duku-duku a Abuja, sai 'yan tambayoyi ta bayan gilashi. Canji ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A lokacin dala ta haura naira dubu a Wapa, don haka ko burodi na ɗauka a kanti a can sai na tsaya ina bugawa a zuci, har ƙanina ya gaji ya ce, "Yaya, in kika biye wa lissafin nan ko ruwa ba za ki sha ba a ƙasar nan."

Daga Kano na sauka Legas, da dare muka ɗaga, ba mu sake taka ƙasa ba sai Atlanta, tafiyar sama da awa 12. Jami'in shige da fice bai wahalar da ni ba. Me na zo yi, wa zai riƙe ni, yaushe zan koma, shi ke nan. Wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa ne ya tare ni a wajen ɗaukar kaya, ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi gaba ya ƙi baya. Aka buɗe. Kuka ta wuce, busasshiyar kuɓewa ta wuce, daddawa ma ta wuce bayan matar kwastam ɗin ta shinshina ta yamutsa fuska. Kanwar kunu da yajin jego sai da na yi dogon bayani. Kilishi kuwa, wanda na sa aka yi mini musamman, ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara, don dokarsu ta hana shiga da nama. Na ce Allah ya sa iyakar asarar ke nan.

Jego a Memfis wani abu ne daban. Babu 'yan barka masu cika tsakar gida, babu tukunyar ruwan zafi a kan murhu, babu ganyen darbejiya. Famfo ne a banɗaki, ka murɗa ruwan zafi ya zo. Maƙwabciyarsu ta aiko da kati da wani kek, ba ta ko shigo ba. Ni dai na yi abin da ya kawo ni, na dama kunu, na gasa jaririya, na tsare mai jego da ci.

Babbar 'yar ƙanina shekararta 16, a can aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta gauraya. Tana kaɗa piyano, kuma a lokacin an ba su aikin makaranta a kan mata baƙaƙen fata mawaƙan jaz da buluz. Ita ce ta matsa mini. "Gwaggo, akwai wata mata za ta yi waƙa a Clarksdale ranar Asabar, waƙoƙin su Billie Holiday. Baba ya ce in kin yarda za mu je." Na ce ni da hijabina me zai kai ni gidan rawa? Ta rantse ba mashaya ba ce, zaure ne, da yamma ake yi, tsofaffi ne ma suka fi zuwa. Uwar mai jego ta iso daga wata jiha a makon, saboda haka hannu ya ƙaru a gidan. Na yarda.

Kafin ranar sai da ta kai ni cikin gari, wai don in san kan labarin. Muka je masaukin Lorraine, inda aka harbe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu 1968 yana tsaye a barandar ɗaki mai lamba 306. Yanzu gidan tarihi ne, a lokacin kuɗin shiga wajen dala 20. Na koyar da tarihi shekara da shekaru, na san sunan King, na san Rosa Parks. Wadda ban sani sosai ba ita ce Ida B. Wells, da aka kafa wa gunki a titin Beale a 2021. 'Yar jarida ce. A 1892 aka kashe wasu baƙaƙen fata uku masu kantin kayan masarufi a garin, ta rubuta gaskiyar abin da ya faru, aka zo aka farfasa ofishin jaridarta, ita kuma ba ta sake zaman Memfis ba. Shi kansa titin Beale ɗin bai burge ni ba: fitilu, ƙarar jita ta kowace ƙofa, warin giya, da hayaƙin gasasshen naman alade wanda garin yake tinƙaho da shi. Muka yi sauri muka wuce.

Ranar Asabar da hantsi muka kama hanya mai lamba 61 mu uku, ƙanina na tuƙi. Daga Memfis zuwa Clarksdale kamar kilomita 120 ne. Mun sha mai a kan dala 3 da 'yan kai galan ɗaya, kuma kai za ka zuba da hannunka. Ana fita gari kaɗan aka shiga jihar Misisipi, ƙasa ta baje, babu tudu babu dutse, sai gonakin auduga fari fat har iyakar gani. Lokacin tsinka ne. Wanda ya san Funtuwa da Gusau a zamanin da auduga take auduga zai gane ƙamshin, amma a nan ba ka ganin mutum ko ɗaya a gona. Wata ƙatuwar mota ce take bi layi-layi tana tsotsewa, ta tara ta naɗe ta ajiye dunƙule a leda rawaya. Yarinyar ta ce mini kakannin mutanen da za mu gani yau su suka yi wannan aikin da hannu, da farko a bauta, daga baya a noman kashi-mu-raba wanda bashi ba ya ƙarewa a cikinsa. A garin Walls ta nuna mini kwanar maƙabartar da aka binne Memphis Minnie, macen da ta gagari maza a kaɗa jita, ta rasu a 1973. Gaba kaɗan sai allunan gidajen caca na Tunica, manya-manya, a tsakiyar yankin da talauci ya yi wa katutu.

Shingen bincike babu ko ɗaya. Na fara yabon abin ke nan, ina ba su labarin yadda direba yake naɗe 'yar ɗari biyu a tafin hannu tsakanin Kano da Zariya, ana "yallaɓai, ya aiki" ana dariya, sai fitila shuɗiya ta haska a bayanmu. Ban taɓa ganin fuskar autanmu ta canza haka ba. Ya gangara gefe, ya kashe mota, ya sauke gilasai duka huɗu, ya ɗora hannayensa biyu a kan sitiyari ya baza yatsu. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Yaya, kada ki taɓa jakarki. Sa hannunki inda zai gani." Yarinyar a baya ta riga ta ɗora nata a kan kujerar gaba, ba wanda ya gaya mata. Ɗan sandan saurayi ne fari, da ladabinsa. Ya ce mun ɗan zarce gudun da aka ƙayyade, ya karɓi lasisi, kuma kafin ƙanina ya miƙa hannu aljihu sai da ya nemi izini da baki. Aka yi mana gargaɗi aka sallame mu, ko sisi ba a nema ba.

Mun yi nisa ba wanda ya ce uffan. Daga baya ya tuna mini da Tyre Nichols, matashin da 'yan sanda suka lakaɗa wa duka a Memfis a watan Janairun shekarar, ya mutu bayan kwana uku, kuma su biyar ɗin da aka tuhuma baƙaƙe ne 'yan'uwansa. Namu shingen yana cin kuɗi da lokaci da mutunci, wani sa'in har da rai, ba na wanke shi. Amma mutumin da yake da aiki, da takardu cikakku, da gida nasa, ya koya wa 'yarsa inda za ta ajiye hannu tun kafin ta koyi tuƙi, wannan ban zo da shirin ganinsa ba.

Clarksdale ƙaramin gari ne, rabin kantunansa a rufe. A mashigarsa akwai alamar manyan jitoci a kan ƙarfe inda hanya ta 61 ta gamu da ta 49, wai nan wani makaɗi Robert Johnson ya sayar wa Shaiɗan ransa don ya iya kiɗa. Turawa na ta ɗaukar hoto. Na ce a'uzubillahi, muka wuce. Mun leƙa gidan tarihin buluz da ke tsohuwar tashar kayan jirgin ƙasa, inda aka ajiye bukkar katakon da makaɗin buluz Muddy Waters ya zauna a ciki. Maza ne suka cika bangon. Yarinyar ta ja ni zuwa titin Sunflower, gaban wani dogon gini na jan bulo da ya tsufa, da allo shuɗi a gefensa. Otal ɗin Riverside ke nan, amma kafin 1944 asibitin baƙaƙen fata ne. A nan shahararriyar mawaƙiyar buluz Bessie Smith ta cika ranar 26 ga Satumba 1937, tana da shekara 43, bayan motarsu ta yi karo da babbar mota cikin dare a kan hanyar nan da muka biyo. Ƙaramin gini ne ƙwarai a ce shi ne asibitin rabin mutanen gari.

Abinci sai da muka yi da gaske. Kusan komai da alade a ciki, har ganyen da suke dafawa kamar zogale sai an jefa masa ƙashinsa don ɗanɗano. Mai kawo abincin, wata dattijuwa mai fara'a, da ta gane matsalar sai ta shiga kicin da kanta ta tambayo mana da wane mai ake suya. Muka ci tarwaɗa da aka turbuɗa a garin masara aka soya, da soyayyar kuɓewa, da wake, da wani burodin masara mai zaƙi-zaƙi. Tarwaɗar ta yi daɗi, sai dai ba yaji. Shayinsu da ƙanƙara ake sha, sukari kamar a rake. Mu uku dala 50 da wani abu, ga kuma kashi 20 cikin ɗari na mai hidima wanda ba a rubuta ba amma dole ne.

Masauki akwai wanda baƙi suke rububi a bayan gari: tsofaffin bukkokin manoman auduga aka jera aka sa musu na'urar sanyi, mutum ya biya ya kwana ya ji yadda talaka ya ji. A gonar da ke wurin ne ma aka fara noma auduga da girbe ta da inji zalla a 1944, abin da ya kori dubban leburori zuwa Chicago. Ƙanina ya tambaye ni ko ina so. Na ce wanda kakarsa ta haihu a irin ɗakin nan ba zai biya ya kwana a ciki don nishaɗi ba, ni ma ba zan biya ba. Muka kama ɗakuna biyu a wani ƙaramin otal na bakin hanya da wasu Indiyawa suke riƙe da shi, wajen dala 90 kowanne. Muka yi sallah, muka fita.

Zauren tsohon gini ne mai kujerun ninkewa, ƙofa dala 25. Galibin 'yan kallo Turawa ne masu furfura, wasu daga Jamus da Holan, da 'yan Japan biyu-uku. Layin gaba kuwa tsofaffin mata baƙaƙe ne da hulunan zuwa coci. Kusa da ɗayarsu na samu wuri. A kan dandamali akwai piyano, da ganguna, da ƙatuwar gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarta da yatsa, duka mata ne a kansu. A gefe an jera kujeru ba kowa, kowace an jingina mata hoton mace.

Mawaƙiyar ta fito ba tare da wani sanarwa ba. Doguwa ce, ta ba sittin baya, furfurarta a waje ba rini, da doguwar riga baƙa da takalmi fulat. Ta ce ta yi shekaru tana aiki a gidan waya, waƙa kuwa a coci ta koya. Tsarinta shi ne ta je ta tsaya a bayan kujera, ta kira sunan mai hoton, tsofaffin nan na gaba su amsa, ta ba da labarinta, sannan ta yi waƙarta.

Da Bessie ta fara. Ta ce faifanta na farko a 1923 ya sayu dubu ɗaruruwa, ta zama baƙar fatar da ta fi kowa karɓar kuɗi a harkar nishaɗi, har ta mallaki taragon jirgin ƙasa nata, saboda a jihohin Kudun ƙasar otal ba ya karɓar ta da mutanenta. Ta ba da labarin da ake bayarwa na wani dare a 1927 a jihar Karolina ta Arewa, da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, ta farare masu ƙin baƙar fata, suka zo da fararen rigunansu suna tuge turakun tantin da take wasa, mazan da ke aiki da ita suka noƙe, ita ta fita ta ƙare musu zagi har suka juya. Zauren ya ɗauki shewa. Sai ta ɗaga hannu. Ta ce akwai labarin da kowa yake so, wai an kai Bessie asibitin farare jini na zuba aka kore ta. "Ba haka aka yi ba, kuma ba zan yi mata ƙarya don ku ji daɗin fushi ba. Kai tsaye aka kawo ta titin Sunflower. A 1937 babu direban motar asibitin da zai ko yi tunanin kai ta wancan. Ba sai an kore ka ba in kowa ya riga ya san ƙofar da ba taka ba." Ta ƙara da cewa kabarinta a kusa da Filadelfiya ya yi shekara 33 babu ko dutsen suna, sai a 1970 mawaƙiya Janis Joplin da wata mata Juanita Green suka biya aka kafa. A nan matar ta shiga raina. Malamin tarihi ya san wuyar ƙin labari mai daɗi.

Muryarta ba zaƙi gare ta ba, kauri gare ta, tana fitowa daga ciki. Tana jan kalma ɗaya ta lanƙwasa ta har sai ka ce ta karye, sannan ta sake ta.

Wasu ta bi ta kansu da sauri. Hazel Scott, gwanar piyano, wadda take sa wa a yarjejeniya cewa ba za ta yi wasa a zauren da aka raba farare da baƙaƙe ba. Ta samu shirin talabijin nata na kanta a 1950, ta je gaban kwamitin majalisa mai farautar 'yan gurguzu ta kare kanta a watan Satumba, bayan mako guda aka soke shirin. Ella Fitzgerald, da 'yan sanda suka kama a ɗakin shiryawarta a Houston a 1955, a daren da aka haɗa farare da baƙaƙe a zaure ɗaya. Abbey Lincoln, wadda a faifan da suka yi da makaɗin ganga Max Roach a 1960 ta ajiye kalmomi ta yi ta ƙwalla ihu tsagwaronsa. Wannan ihun mawaƙiyar ba ta kwaikwaya ba, ta ce na Abbey ne, ba a aro.

Da ta zo kujerar Billie Holiday sai ta ce a ajiye waya, a daina shiga da fita. Ta ce za ta yi "Strange Fruit" yadda aka riƙa yin ta a gidan rawan Café Society na Niyok a 1939: masu hidima su tsaya, a kashe fitilu, a bar ɗaya a kan fuskar mai waƙa, kuma in an gama babu ƙari. Wani malamin makaranta Bayahude, Abel Meeropol, shi ya rubuta ta bayan ya ga hoton samari biyu da aka rataye a Indiyana a 1930, jama'a sun taru a ƙarƙashinsu suna kallon kyamara. Kamfanin Columbia da Billie take yi wa aiki ya ƙi ɗauka, sai wani ƙaramin kamfani, Commodore, ya buga. Waƙar tana siffanta gawarwakin da ke reto a bishiya a matsayin 'ya'yan itacen ƙasar Kudu. Gajeriya ce, kamar minti uku.

Aka kashe fitila. Piyano ya daɗe yana tafiya shi kaɗai kafin ta buɗe baki. Ban san lokacin da tsohuwar da ke gefena ta kama hannuna ba, yatsunta busassu, da zobe ya shige cikin fata. Ba ta kalle ni ba, ba ta kuma sake ni ba har aka gama. Wani Bature a baya ya fara tafi, ya ji shi kaɗai ne, ya bari. Da fitila ta dawo tsohuwar ta ce mini, kamar mai ba da labarin kasuwa, ƙanin mahaifinta cikin dare aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa Chicago saboda ya yi musu da mai gona a kan awon auduga, bai sake taka Misisipi ba, ko jana'izar uwarsa. Binciken da wata ƙungiyar lauyoyi ta jihar Alabama ta yi ya ƙirga irin wannan kisan gilla sama da 4,400 tsakanin 1877 da 1950, kuma Misisipi ce kan gaba. Dokar tarayya da ta haramta shi da sunansa sai a watan Maris 2022 aka sa mata hannu.

Mawaƙiyar ba ta mayar da matan nan waliyyai ba. Ta faɗa ƙarara cewa Billie ta sha ƙwaya, an ɗaure ta a 1947, an ƙwace mata katin izinin waƙa a gidajen rawan Niyok, kuma a 1959 a kan gadon asibiti aka kama ta, aka sa ɗan sanda a bakin ƙofa, a asibitin ta mutu tana da shekara 44. Ta ce Bessie mashayiya ce mai saurin hannu. Ina jin haka sai Barmani Choge ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. Mu matan Arewa mun cashe da amadarta a gidajen biki, mun yi mata liƙi, mun ji daɗin yadda take zaburar da mata su kama sana'a, amma mu nawa ne za su yarda ɗansu ya auro daga gidan zabiya? Ba ina haɗa wahalarsu ba ne, ba a rataye kowa a Funtuwa ba. Abin da na gani iri ɗaya shi ne yadda ake shan muryar mace a raina mai muryar. Ta rasu tun 2013, kuma ni dai ban taɓa halartar wani zama da aka jingina hotonta a kujera aka ba da tarihinta ba.

Nina Simone aka rufe da ita, kuma nan ne zauren ya kama wuta. Yarinya ce 'yar Karolina ta Arewa da ta so zama makaɗiyar piyano irin ta gargajiyar Turai. A wasanta na farko a gaban jama'a aka tashi iyayenta daga layin gaba don a ba farare wuri, ta ce ba za ta taɓa piyanon ba sai an mayar da su. A 1963 aka harbe Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, a ƙofar gidansa a Jackson, babban birnin jihar nan, a watan Yuni. A Satumba aka sa bam a wani coci a Birmingham ta jihar Alabama ya kashe 'yan mata huɗu. Nina ta zauna ta rubuta "Mississippi Goddam", wadda tsinuwa ce tun daga sunanta. Gidajen rediyon Kudu suka riƙa mayar da faifan a karye gida biyu. Kiɗan mai sauri ne kamar na wasan yara, maganar cikinsa kuwa wuta. A ce ana rera ta a tsakiyar Misisipi, tsofaffi masu hular coci suna buga ƙafa suna amsawa, har da wadda ta riƙe mini hannu, wannan sai wanda ya gani. 'Yar ƙanina tana tsaye tana yi da su, ta haddace tsaf.

Bayan an tashi mawaƙiyar ta zauna a bakin ƙofa tana sayar da faifanta. Da ta ga shigata ta tambayi daga ina. Na ce Najeriya. Ta tafa hannu ta ce ai Nina ta je Legas a watan Disamba 1961, tare da marubuci Langston Hughes da mawaƙiya Odetta, kuma makaɗin gangar nan Babatunde Olatunji yana cikin faifan Abbey Lincoln da ta ambata. Ta tambaye ni ko matanmu suna waƙa. Na sa yarinyar ta nemo mata kiɗan ƙwarya a YouTube. Mai gangunan ce ta karɓe wayar ta kanga a kunne, ta ga ƙwarya a kife a cikin ruwa ana dukanta, ta fara bin kiɗan da yatsu a kan murfin akwatinta, ta kuskure, ta sake, ta kama. Ta ce wace ce mai waƙar, me take cewa? Na fassara abin da zai fassaru a gaban yarinya. Mawaƙiyar ta yi dariya har da dafa ni, ta ce ashe ko'ina tsofaffin mata bakinsu ɗaya.

Washegari kafin mu juya muka bi hanya ta 49 zuwa Sumner, tafiyar kamar rabin awa. A kotun garin aka yi shari'ar mutum biyu da suka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da ya zo hutu daga Chicago a 1955, aka tsamo gawarsa a kogin Tallahatchie. Masu yanke hukunci, farare zalla, sun wanke su cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Lahadi ce, kotun a rufe, garin shiru. A harabarta gunkin sojan Kudu na yaƙin kare bauta yana nan tsaye a gefe guda, allon tarihin yaron a ɗaya gefen. Ba mu daɗe ba, jaririya na jira.

Sanyi ya fara shiga lokacin da na baro Memfis, da akwati cike da man shafawa da takalman jikoki, har sai da na biya kuɗin ƙarin kaya. Faifan da na saya dala 15 kuwa, da na iso Kano sai na tarar babu abin da zai kunna shi a gidan, rediyon da ke cin faifai ta daɗe da mutuwa. Na kai Farm Centre a juye mini a waya. Yaron ya sa abin ji a kunne ya ɗan saurara, ya cire, ya ce, "Hajiya, wannan ai kuka take yi. In ƙara miki da na Indiya?" Na ce ya bar shi haka. Ya karɓi naira 500.